Notin Juyen Baba Ilu Wanzami

Ku da kuke cewa juyen baƙin mai ba aiki ba ne, wai a kwance noti a zubar da tsoho a ɗura sabo, ban ga laifinku ba. Kun taso kun tarar da babur wanda idan injinsa ya gaji ake sauke shi a ɗora wani. Mu ba haka muka tarar ba. Lokacin da mahaifina ya kama hannuna ya kai ni rumfar Malam Garba bakanike a bakin Ƙofar Mazugal, soja suna shirin miƙa mulki ga farar hula a karon farko, babur a cikin birni da sunan mai shi ake saninsa. Idan aka jiyo ƙara daga lungu, kafin ya ɓullo an ce ga hedimasta nan, ko ga mai gidan burodi nan. Mutum ya sayi babur yana saurayi, a kansa zai je raba goron auren 'yarsa.

Na daɗe a rumfar nan ban taɓa sifana ba. Aikina wankin ƙarafa da kananzir, sai riƙon tasar da ake tarar mai. Ranar da Malam Garba ya yarda in yi juye da hannuna, a kan babur ɗin wani mai sayar da goro ne, kuma Malam Garba yana tsaye a kaina da sandar rake yana sha. Ya sa na tayar da injin ya ɗan ɗumama, don mai idan ya yi sanyi ba ya sakin dattinsa. Ya sa na kafe babur ɗin a kan ƙafarsa ta tsakiya, a wuri mai daidai, ba a gangare ba. Na miƙa hannu zan ɗauki sifana mai buɗaɗɗen baki, sai na ji rake a bayan hannuna. Mai zobe ake sawa, ita ce ba ta cinye kafaɗun noti. Kafin a kwance kuma sai an goge gindin injin tas, saboda yashin garin nan idan ya samu ƙofa shiga yake yi. Mai ya gama tsiyaya, ba a zubarwa nan take. Sai a ɗauki tasar a fita rana a karkata ta. Idan ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, to injin yana cin kansa, ka gaya wa mai shi tun da wuri. A ciro 'yar rariyar da ke ciki a wanke, a duba washa ko ta tsage.

Mayar da noti shi ne wurin da ake gane wanda ya iya. Jikin injin ƙarfe ne mai laushi, noti kuwa mai tauri ne. Idan ya shiga a karkace ka bi shi da sifana, ya cinye haƙoran ramin ke nan, daga ranar babur ya zama mai ɗigo har abada. Saboda haka da yatsu ake fara ɗaura shi, a hankali, sai ya tafi da kansa har ya zauna, sannan sifana ta zo ta ƙarasa. Wannan shi ne juye. Wanda na ga ya fi kowa yinsa da kyau kuwa ba bakanike ba ne, wanzami ne.

Baba Ilu mutumin Soron Ɗinki ne, wanzanci gadonsu ne tun kakanni. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, haka ma yawancin sa'o'ina a Gwale. Dogo ne siriri, kullum cikin farar riga. Babur ɗinsa baƙi ne ƙirar Jafan mai salansa biyu, irin mai ƙara ƙasa-ƙasa kamar ana buga ganga daga nesa. Zabirarsa, wato jakar fatar da yake zuba asake da ƙaho, a bayan kujera yake ɗaure ta da roba. Da wannan babur yake zaga gidajen suna tun da sassafe, daga cikin birni har ƙauyukan da ke bayan Dawanau.

Ranar da na fara ganinsa a rumfarmu, na taso da gudu da tasa, sai ya ɗaga mini hannu.

"Sule, ajiye ka koma. Malam Garba, ni ba gyara na kawo ba, aron inuwa da sifana na zo."

"Baba, ga yaro nan ya iya, me zai sa ka ɓata rigarka?" in ji Malam Garba.

"Askata ba na ba kowa ya wasa mini. Wannan kuma ƙaho zan yi masa in fitar da mataccen jini, ai aikina ne."

Ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa buhu, ya yi bismillah ya durƙusa. Abin da muke gamawa kafin shayi ya huce, shi sai ya cinye hantsi guda a kansa. Zai jira ɗigon ƙarshe ya faɗi, ya girgiza babur ɗin, ya sake jira. Ya murza tsohon man a tsakanin yatsu, ya sunsuna. Da ya tashi kuwa ko ɗigo babu a farar rigar nan. Sai ya wanke hannu da sabulu, ya buɗe zabira, ya aske duk wanda ke rumfar, tun daga Malam Garba har ni. Ladan inuwa da sifana ke nan. Haka muka yi shekara da shekaru, duk sanda wata ya kama. Malam Garba ya rasu, rumfa ta dawo hannuna, Baba Ilu bai sauya wuri ba. Fulogi, kafireta, kuloci, sarƙa, duk ya bar mini. Juye ne kawai nasa.

Muguwar shekararmu ta zo ne da komawar soja bariki a karo na baya. Mutane suna murna, mu ma mun yi, amma abin da ya biyo baya bai yi wa masu irin sana'ata daɗi ba. Sababbin babura masu araha suka cika gari, 'yan siyasa suna raba wa matasa, kowane lungu ka leƙa ɗan acaɓa ne. 'Yan kasuwar Ƙofar Ruwa suka daina kawo kayan tsofaffin babura, suka ce ba mai tambaya. Wanda nasa ya lalace sai ya jingine shi a soro ya nemi sabo. Sababbin kuwa ba su fara lalacewa ba tukuna. Sai in wuni a rumfa ban kwance ko fulogi ba. Abokan aikina da yawa suka kulle akwatin kayan aiki suka hau acaɓa. Ni ma na sayar da rabin sifanonin da na gada wurin Malam Garba kafin damina ta faɗi.

Cikin waɗanda suka samu sabon babur har da Nafi'u, ɗan Baba Ilu. Tun yana ƙarami yake bin uban gidajen suna, kuma kowa ya shaida hannunsa yana da kyau. Amma ya ga samari sun koma shagon aski mai injin, masu jego sun fara kai 'ya'ya asibiti, sai ya ce shi ba zai tsufa da zabira a rataye ba. Ya shiga cikin yaran wani ɗan takara, aka ci zaɓe, aka ba shi babur. Tun daga nan tsakaninsa da mahaifinsa sai gaisuwa.

Wata safiya Baba Ilu ya zo juye da wani galan a hannu, ba irin gwangwanin da ya saba saye ba. An liƙa hoton ɗan takarar nan a jiki, har da hularsa. Na karɓa na buɗe, na ɗiga a yatsa. Launinsa mai kyau, amma ba shi da jiki, kuma a ƙarƙashin ƙamshin akwai ƙaurin ƙonannen mai.

"Baba, wannan ban yarda da shi ba. Kamar tsohon mai ne aka tace aka sa masa kala."

"Ni ma hancina ya gaya mini."

"To mu ajiye shi mana, a riƙa shafa wa sarƙa."

Ya dubi galan ɗin. Can ya ce, "Nafi'u ne ya kawo mini. Da baburansu aka haɗa musu, ya ɗauko nasa ya ajiye mini a ƙofar ɗaki. Tun da ya fara neman na kansa, wannan ne abu na farko da ya ba ni. Zai tambaye ni ko na zuba. Bari in zuba, in ya ɗan kwana biyu sai in juye."

Bai kai ga juyewar ba. A wata motar a-kori-kura aka kawo mini babur ɗin, an kwantar da shi kamar ragon layya, Baba Ilu yana zaune a gefe da zabira a cinya. A hanyarsa ta zuwa suna ne injin ya buga, a tsakiyar daji. Gidan wasu Fulani ne da suka daɗe da zama a bayan Dawanau, waɗanda tun kakansa gidansu ke yi musu aski. Ya jingine babur ɗin a gindin wata ɗorawa ya kama hanya da ƙafa, amma kafin ya isa rana ta take, sun gaji da jira sun kira wani wanzamin. Suka ba shi fura, suka ba shi haƙuri, ya juyo.

Da na buɗe injin, abin da na tarar ba mai ba ne, kwalta ce. Fistan ya manne, ƙarfen da ke juya shi ya ƙone har ya yi shuɗi. Ina cikin jera gawarwakin ƙarafan a kan buhu sai ga inuwar mutum a kaina. Nafi'u ne.

"Yaya Sule, man da na kawo ne?"

"Shi ne. Amma kai ma ba ka sani ba. Naka fa, shi ka zuba?"

"Ban zuba ba. Galan ɗaya aka ba kowa, ni kuma na kai wa Baba."

Ya durƙusa ya ɗauki fistan ɗin yana jujjuyawa. Ya tambaye ni ko zai gyaru. Na ce in an samu kaya zai gyaru, samun kayan ne aiki. Ya ce in hau bayansa.

Mun sha yawo da yaron nan. Muka tankaɗe Ƙofar Ruwa rumfa-rumfa, muka shiga Sabon Gari, muka bi 'yan gwangwan masu sayen mataccen ƙarfe. Wani ya ce mu zo gobe, wani ya yi mana dariya ya ce mu kai gidan tarihi. 'Yan'uwan Nafi'u suka taru suka ce a haɗa hannu a saya wa tsoho sabo, Baba Ilu ya ce shi ba zai hau abin da ke kuka kamar sauro ba. A ƙarshe wani direban motar ƙauye ne ya ba mu labarin wani babur irin na Baba Ilu a wani gari ta wajen Bichi. Muka je muka tarar da shi a cikin ɗakin ajiyar hatsi, mai shi ya rasu, kaji suna ƙwai a kan kujerar. Tankin ya ruɓe, tayoyin sun zama ƙasa, amma da na taka kik sai na ji injin yana juyawa sumul. Muka daidaita da magada, muka ɗauro injin a tsakaninmu muka dawo.

Duk tsawon wannan lokaci Baba Ilu ba shi da abin hawa, gidajen suna kuwa ba sa jira. Nafi'u ne ya riƙa ɗaukarsa da asuba kafin ya fita acaɓa. Da farko a waje yake tsayawa yana jira a kan babur. Daga baya ya fara shigar masa da zabira. Sannan ya zama shi ke wasa aska. Idan an gama da jariri manyan gida suka zauna a yi musu, sai uban ya ce ya gaji, Nafi'u ya karɓa. Ni dai labari nake ji a bakin mutane, don ina rumfa ina fama da injin biyu da nake so su zama ɗaya.

Ranar da babur ɗin ya tashi, mutanen da ke wucewa ta Ƙofar Mazugal sai da suka tsaya, don an kwana biyu ba a ji wannan ƙarar ba. Na ce wa Baba Ilu ya lallaɓa shi, kada ya matsa masa, kuma ya dawo da wuri a yi juye, saboda injin da aka haɗa sabo yakan zubar da garin ƙarfe a man farko.

A cikin wannan tsakanin matata Hajara ta sauka, aka samu ɗa namiji. Mun daɗe da aure ba mu samu haihuwa ba, har dangi sun daina tambaya. Ana jibi suna sai ga Baba Ilu ya zo juye, da gwangwanin mai na kirki wannan karon. Ya yi mini barka, ya ce jibi da sassafe yana nan tafe, shi ya aske uba shi zai aske ɗa.

Ya naɗe hannun riga ya durƙusa kamar kullum. Ya sassauta noti da sifana, ya sa yatsu zai ƙarasa, sai notin ya suɓuce ya faɗa cikin tasa. Wannan yakan faru da kowa, sai dai ban taɓa ganin ya faru da shi ba. Ya lalubo shi ya goge. Mai ya gama tsiyaya, ya kai notin bakin rami zai mayar. Ina daga gefe ina jin wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, ƙarfe yana taɓa ƙarfe. Na leƙa. Hannunsa ne ke rawa. Notin yana bugun bakin ramin ya ƙi zama. Ya janye, ya yarfa hannun, ya sake kaiwa. Ya kama wuyan hannun da ɗaya hannun, ya sake. Gefen farar rigar ya sauka cikin tasa bai ma lura ba. Na juya baya na kama jera sifanonin da ba su buƙatar jeri.

"Sule."

"Na'am, Baba."

"Zo ka ɗaura mini."

Na zo na ɗaura, na ɗura mai, na auna, na tayar, na leƙa ƙasa ban ga ɗigo ba. Shi kuwa yana zaune a kan benci ya ɗora hannun a gwiwa yana kallonsa kamar na wani. Ranar bai buɗe zabira ba. Ya hau babur ya tafi a hankali.

Ban gaya wa kowa ba, ko Hajara. Washegari bayan la'asar na rufe rumfa na tafi Soron Ɗinki. Na yi sallama, ya fito soro ya shimfiɗa mini tabarma, ya ɓara goro ya ba ni. Na tambayi lafiyar babur, ya ce lafiya lau. Ya tambayi mai jego, na ce tana samun sauƙi. Muka yi maganar ragon suna, muka yi maganar ruwan da aka yi. Maganar da ta kawo ni tana bakina, amma ta yaya zan dubi mutumin da ya yi mini kaciya in ce masa kada ya taɓa kan ɗana? Aka kira magariba, na yi masa sallama na tafi.

Da safe aka taru a ƙofar gidanmu, liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino. Sai muka jiyo ƙarar salansa biyu daga bakin lungu. Da suka ɓullo, Nafi'u ne ke tuƙi, Baba Ilu yana baya da zabira. Suka shigo soro. Gwaggona, yayar mahaifina, ta fito da jaririn a naɗe cikin zani ta zauna a tabarma.

"Baba Ilu, ga jikanka nan."

Ya zauna a gabanta ya buɗe zabira. Ya jiƙa gashin yaron da ruwan ɗumi da sabulu. Ya zaɓi 'yar ƙaramar aska, ya goga ta a fata, ya ɗaga ta ya duba bakinta a haske. Ina tsaye a bakin ƙofa, ban san sanda na matso ba. Sai ya juya askar, ya miƙa wa Nafi'u ta wajen ƙota.

Gwaggo ta janye jaririn zuwa ƙirjinta. "Haba Baba Ilu! Ɗan acaɓa? Yaron da muka daɗe muna roƙon Allah?"

"Hajiya, ni na aske uban yaron nan, ba zan zama wanda zai yanki ɗansa ba. Hannuna ya gama aikinsa." Ya ɗaga hannun sama kowa ya gani, yana kaɗawa kamar ganye. "Sule ya riga ku gani. Wannan kuma ɗana ne, ni na koya masa, na kuma ga aikinsa da idona. Amma ɗa na Sule ne. In bai yarda ba, a kira wani, ba zan ji haushi ba."

Kowa a soron ya juyo yana kallona. Na dubi Nafi'u. Askar tana hannunsa, ko motsi ba ta yi.

Na ce, "Gwaggo, miƙa shi. Nafi'u, bismillah."

Ya durƙusa ya fara daga goshi. Uban ya matso kusa da kunnensa yana magana ƙasa-ƙasa. Kwantar da askar. Ja fatar da babban yatsa. Ga maɗiga nan, kada ka danna, bi ta kanta kamar ba ka so. Yaron ya yi 'yar tsuwa sau ɗaya ya koma barcinsa. Gashi yana sauka a kan ƙyalle har aka zagayo ƙeya. Da aka gama Gwaggo ta ɗaga kan ta kai shi haske, ta juya shi dama da hagu tana neman inda za ta ce, ba ta samu ko ƙwarzane ba. Ta ce, "To, Allah ya yi albarka," ta shige gida, muka ji guɗa ta tashi.

Baba Ilu ya mayar da kayan cikin zabira da kansa, ya ɗaure bakinta, ya miƙe ya rataya wa Nafi'u a kafaɗa a gaban jama'a.

"Zabira taka ce daga yau. Babur kuwa aro na ba ka, kada ka ji daɗi da yawa."

Aka yi dariya. Na raka su bakin lungu. Nafi'u yana kwance babur daga kafi, ni kuma na matsa kusa da tsohon na ce, "Baba, jiya da na zo gida..."

"Na san abin da ya kawo ka," ya katse ni. "Tun da ka zauna nake jira ka faɗa. Wallahi da ka faɗa, da yau da hannuna zan aske shi don in ƙaryata ka. Allah ya yi maka albarka da ka yi shiru."

Ya tattare rigarsa ya hau baya, ya dafa kafaɗar ɗansa. Akwai wani sunan yana jiransu a Mandawari, kuma rana ta fara ɗagawa.